Cutar Chagas: Ƙwaro Ya Yi Cizo a Yarinta, Zuciya Ta Biya Bayan Shekara Ashirin

A karkarar Bolibiya da arewacin Ajantina da tsakiyar Barazil akwai wata irin mutuwa da jama'a suka daɗe da saninta tun kafin likitoci su gano musabbabinta. Magidanci ne da bai wuce shekara arba'in ba, bai kwanta ciwo ba, yana tsakiyar aikin gona ko yana tafe a kan keke, sai ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kawo masa ɗauki rai ya yi halinsa. Wani kuma a hankali take cin sa: ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yankewa ko ɗan tattaki ya yi, barci ya gagara sai a zaune, a haka har ƙarfi ya ƙare. Idan likitoci suka duba zuciyar irin waɗannan mutane bayan sun rasu, sai su tarar ta yi girma ta saki, bangonta cike da tabo, wani lokaci tsininta na ƙasa ya yi siriri ya bullutso waje. Jijiyoyin da ke kai mata jini kuwa lafiyarsu ƙalau, babu kitse babu toshewa. Mai wannan ɓarna wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda galibi ta shiga jikin mutumin tun yana yaro, a cikin ɗakin da aka haife shi.

Sunanta cutar Chagas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 7 ke ɗauke da ita, mafi yawansu a ƙasashe 21 na Latin Amurka, kuma tana kashe sama da mutum 10,000 duk shekara. Waɗanda suka san suna da ita ba su kai ɗaya cikin goma ba. Kuma duk wahalar cutar a kan lokaci take. A shekarun da magani ke iya kashe ƙwayar ya ceci zuciya, mai ita yana jin kansa garau, ba abin da zai kai shi asibiti. Ranar da zuciya ta fara kuka har aka je gaban likita, kashe ƙwayar ba ya dawo da abin da ya riga ya lalace.

Likitan da ya fara daga ƙwaro

A 1907 cibiyar bincike ta Oswaldo Cruz da ke Rio de Janeiro ta tura wani matashin likita, Carlos Chagas, zuwa wani ɗan gari mai suna Lassance a jihar Minas Gerais, domin zazzaɓin cizon sauro ya hana aikin shimfiɗa layin dogo tafiya. A cikin taragon jirgin ƙasa ya kafa wurin ganin marasa lafiya da ɗakin gwajinsa. Can aka nuna masa wani ƙwaro da ke shan jinin mutane da dare a gidajen talakawa. Ya fasa cikin ƙwaron, ya duba da madubin likita, ya ga wata ƙwaya da ba a san ta ba, ya raɗa mata Trypanosoma cruzi don girmama maigidansa, Oswaldo Cruz. Daga nan ya shiga neman ta a jikin dabbobin gida da mutane. Ranar 14 ga Afrilu, 1909, ya same ta a jinin wata yarinya 'yar shekara biyu mai zazzaɓi. Yawanci cuta ake fara gani sannan a bi sawu a nemo mai kawo ta, shi kuwa daga ƙwaro ya faro ya iso ga mara lafiya. Wannan rana ta 14 ga Afrilu ita ce aka keɓe don tunawa da cutar a duniya, an kuma fara raya ta a 2020.

Cutar kanta ta girmi wannan labari nesa ba kusa ba, don an samu alamar ƙwayar a busassun gawarwaki na hamadar Atacama da suka kai shekara 9,000.

Mai karatu a nan zai iya gane dangin ƙwayar. 'Yar uwa ce ga wadda tsando ke yaɗawa a nahiyarmu, mai kawo wa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Sai dai halinsu ya bambanta. Ta Afirka tana shiga ta bakin tsando, tana yawo a jini, daga baya ta haye ƙwaƙwalwa. Ta Amurka tana kutsawa cikin tsoka ta ɓuya, kuma tsokar zuciya da ta hanji ta fi so. Ba a ɗaukar cutar Chagas ta cizon ƙwaro a Afirka.

Ƙwaron da ke yaɗa Chagas ya yi kama da kuɗin cizo amma ya fi shi girma sosai, yana da fukafukai. A Ajantina da Bolibiya vinchuca ake ce masa, a Barazil barbeiro. Da rana yana laɓewa a tsagar bangon laka da jinkar ciyawa da akurkin kaji, da dare ya sauko ya nemi inda bargo bai rufe ba, galibi fuska. Cizon kansa ba shi ne ke sa cutar ba. Yana gama shan jini sai ya yi kashi a kusa da wurin, mai barci ya sosa, ya shafa kashin cikin raunin ko cikin ido ko baki. Akwai wasu hanyoyin: daga uwa zuwa jariri a ciki, ta ƙarin jini, ta dashen wani sashe na jiki, da kuma ta abinci ko abin sha da ƙwaron ko kashinsa ya faɗa ciki. A 2007 a wata makaranta a birnin Caracas na Benezuwela, mutum sama da 100 suka kamu ta ruwan gwaiba. A yankin Amazon na Barazil kuwa ruwan 'ya'yan itacen açaí da ba a tsabtace ba shi ne babbar hanyar sabon kamu a yanzu. Wanda ya kamu ta baki ya fi jin jiki, domin ƙwayoyin da ya haɗiya suna da yawa.

Shekarun shiru

Matakin farko yakan ɗauki kamar wata biyu. Ƙwayar tana da yawa a jini, amma alamun ba su taka kara sun karya ba: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, kaluluwa. Wasu kaɗan fatar idonsu ɗaya takan kumbura ba tare da zafi ba, alamar da likitan Ajantina Cecilio Romaña ya bayyana a 1935. A gidan da yara ke zazzaɓi kullum, wa zai tsaya bincike? Zazzaɓin ya sauka, yaro ya koma wasa.

Garkuwar jiki takan danne ƙwayar amma ba ta iya ƙarar da ita. Daga nan sai shiru. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu ɗauke da ita haka za su rayu har tsufa ba tare da ta dame su ba. Kusan kashi 30 zuciyarsu za ta taɓu bayan shekara 10 zuwa 30. Har kashi 10 kuma matsalar a hanyar abinci za ta fito, maƙoshi ko babban hanji ya buɗe ya saki, haɗiya ko bayan gida ya zama aiki.

An daɗe ana gardama a kan abin da ke lalata zuciyar. Da yake tsofaffin hanyoyin bincike ba sa ganin ƙwayar a zuciyar da ta lalace sai da ƙyar, masana da yawa sun tafi a kan cewa garkuwar jiki ce ta ruɗe ta koma yaƙar naman mai ita. Fritz Köberle, wanda ya yi aiki a Ribeirão Preto, ya nuna cewa cutar tana kashe ƙananan jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da motsin hanji. Wannan gardama ta yi tasiri a kan marasa lafiya, domin idan ƙwayar ta gama aikinta ta tafi, ba amfanin ba babba maganin kashe ta, kuma shekaru da yawa haka aka yi, ba a bayarwa. Da aka samu gwaje-gwajen da ke gano ƙwayar halittar cutar komai ƙanƙantarta, sai aka ga ashe tana nan a laɓe a cikin tsoka. Fahimtar da ta fi rinjaye yau ita ce: 'yan ƙwayoyin da suka rage suna tsokanar garkuwar jiki ba dare ba rana, yaƙin da ake yi a cikin bangon zuciya yana kashe tsoka kaɗan-kaɗan, duk inda tsoka ta mutu tabo ya maye gurbinta, ƙananan hanyoyin jini su ma su taɓu.

Tabo ba ya matsewa, kuma ba ya wuce da saƙon wutar da ke sa zuciya bugawa a kan tsari. Daga nan hanyoyin mutuwa uku suke fitowa. Bugu ya rikice ko ya tsaya, mutum ya faɗi nan take, wannan ce ke ɗauke fiye da rabin waɗanda ciwon zuciyar Chagas ke kashewa. Ko zuciya ta gaza tura jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Ko jini ya daskare a cikin wurin nan da ya bullutso, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. A wuraren da cutar ta yi katutu, matashin da ɓarin jikinsa ya shanye ba tare da hawan jini ba, dole likita ya tuna da Chagas.

Yadda ake gano ta

Tambayoyi biyu ne a gaban likita, kuma kowacce da kayan aikinta. Ta farko: mutumin nan yana ɗauke da ƙwayar? Ta biyu: ta kai ga zuciyarsa, kuma ɓarnar ta kai ina?

A matakin farko amsar tambaya ta farko tana da sauƙi, a ɗiga jini a duba da madubin likita a ga ƙwayar tana motsi. Bayan ta ɓuya a tsoka kuwa, jini ba ya nuna ta sai jefi-jefi, don haka sai a nemi makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ta. Matsalar ita ce babu gwaji ɗaya da ya isa a dogara da shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi gwaji biyu masu tsari daban, idan suka saɓa a yi na uku. A asibitin birni wannan ba komai ba ne. Ga mutumin da ya yi tafiyar yini daga wani ƙauye a Gran Chaco, yankin da Bolibiya da Ajantina da Faraguwai suka haɗu, aka ɗebi jininsa aka ce ya dawo bayan sati biyu, sau da yawa ƙarshen maganar ke nan. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin tabbatar da cewa gwaji biyu na nan take, irin na ɗigon jini daga yatsa, za su wadatar a karkara. Ga wani ƙarin rikici: ƙwayar iri-iri ce, gwajin da ke aiki sosai a Bolibiya yakan yi rauni a kan mutanen Meziko da Amurka ta Tsakiya.

Jariri kuma nasa daban ne. Makaman garkuwar uwa suna ratsawa zuwa jininsa, ko ya kamu ko bai kamu ba. Don haka a farkon haihuwa ƙwayar kanta ake nema, idan ba a gan ta ba a sake gwajin garkuwa bayan ya kai wata 8 zuwa 10, lokacin da na uwar suka ɓace. Jarirai da yawa a tsakanin nan suke sulluɓewa, ba a komo da su.

Tambaya ta biyu tana farawa da na'ura mafi araha a fagen zuciya, mai zana bugun zuciya a takarda, wadda a asibiti ake ce wa ECG. Tun a shekarun 1940 da 1950 likitocin da suka yi aiki a garin Bambuí na Minas Gerais, irin su Emmanuel Dias da Francisco Laranja, suka nuna cewa cutar tana da zanenta. Hanyar wuta ta ɓangaren dama takan toshe, sau da yawa tare da reshen gaba na hagu. Ganin waɗannan biyu tare a zanen matashin da ya tashi a karkarar Latin Amurka, abin da ya kamata ya fara zuwa zuciyar likita shi ne Chagas. Wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙwayar amma zanensa lafiya, hankali ya kwanta, sai dai a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu. Wanda zanensa ya canza sai a wuce da shi sikanin zuciya, a ga ƙarfin matsewarta, a nemi bullutsowar nan da daskararren jini. A ɗaura masa ƙaramar na'ura da za ta naɗi bugunsa na awa 24, domin rikicewar bugu mai haɗari takan zo ta wuce cikin daƙiƙoƙi. Inda akwai hali, na'urar MRI tana nuna tabon kansa da girmansa.

A 2006 likita Anis Rassi Jr. da abokan aikinsa a Goiânia suka fitar da wani ma'auni bayan sun bi marasa lafiya 424. Abubuwa shida ake ba maki: tsananin yankewar numfashi, girman zuciya a hoton ƙirji, raunin matsewa a sikanin, guguwar bugu a naɗin awa 24, ƙarancin ƙarfin wuta a zane, da kasancewa namiji. Masu ƙaramin maki, 10 cikin 100 ne suka rasu cikin shekara goma. Masu matsakaici, 44. Masu babban maki, 84. Ina ganin darajar wannan ma'auni a sauƙinsa take, don duk kayan da yake buƙata ana samun su a asibitin lardi, kuma yana faɗa wa likita wanda ba zai iya jira ba.

Magunguna biyu, da gwajin da ya sanyaya gwiwa

Magungunan kashe ƙwayar biyu ne kacal, kuma duka sun haura shekara hamsin: nifurtimox na kamfanin Bayer daga shekarun 1960, da benznidazole na kamfanin Roche daga farkon shekarun 1970. Ana shan su kamar kwana 60. A jariri suna warkarwa kusan ɗari bisa ɗari, kuma jikinsa yana ɗaukar su ba wahala. A yaro ma suna aiki sosai. Da shekaru suka ja, amfanin ya ragu, wahalar ta ƙaru. Benznidazole yana kawo ƙuraje da ƙaiƙayi, da jin zafi ko mutuwar tafin hannu da ƙafa. Nifurtimox yana kashe sha'awar abinci, ya ramar da mutum, ya hana barci. Manya da yawa, kashi 10 zuwa 20, ba sa iya kaiwa ƙarshe. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai ciwon hanta ko ƙoda mai tsanani.

Kuma ko an gama sha, babu gwajin da zai ce wa babba yau ka warke. Makaman garkuwa sukan daɗe a jininsa shekaru, wani lokaci gommai, bayan ƙwayar ta mutu. Ka yi tunanin manomin da aka ce ya sha ƙwaya wata biyu saboda ciwon da ba ya ji, ƙwayar ta fesa masa ƙuraje, sannan a ƙarshe ba mai iya tabbatar masa da cewa ta yi aiki. Wannan rashin ma'aunin waraka shi ne kuma ke tauye neman sabon magani, don kamfani ba ya son gwajin da sai an jira shekara goma kafin a san sakamako.

Tambayar da ta fi damun likitocin zuciya ita ce: wanda zuciyarsa ta riga ta taɓu, kashe ƙwayar zai tsayar da ɓarnar? A 2006 Rodolfo Viotti a Ajantina ya ba da rahoton cewa manyan da suka sha benznidazole, waɗanda cutarsu ta ci gaba sun fi ƙaranci idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Wannan ya ɗaga fata. Sai aka shirya babban gwaji mai suna BENEFIT a Ajantina da Bolibiya da Barazil da Kolombiya da El Salvador, da mutum 2,854 masu ciwon zuciyar Chagas. Rabi suka sha benznidazole, rabi suka sha ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta, aka bi su fiye da shekara biyar. Sakamakon ya fito a 2015. Maganin ya rage ganin ƙwayar a jini ƙwarai. Amma mutuwa da sauran munanan abubuwan zuciya sun samu kashi 27.5 na masu shan magani, da kashi 29.1 na ɗaya rukunin, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa maganin ba shi da amfani ga manya. A ganina wannan mummunar fahimta ce, kuma mai haɗari. Idan gara ta cinye cikin azara, kashe garar ba ya mayar wa azarar ƙarfinta, amma ba mai hankalin da zai ce saboda haka a bar gara ta ci sauran azarun da ba ta kai gare su ba. Mutanen da aka gwada a BENEFIT tabo ya riga ya zauna a zuciyarsu, kuma zuciyar da ta fara saki tana ci gaba da saki da kanta ko babu ƙwaya. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne an makara, ihu ne bayan hari. Shi ya sa ƙa'idojin yau suka tsaya a kan a ba jarirai da yara da sabon kamu da matan da ke shekarun haihuwa, a kuma miƙa wa manyan da zuciyarsu ba ta taɓu ba, amma kada a ba wanda ciwon zuciyarsa ya yi nisa.

An gwada posaconazole, wani maganin da aka sa wa rai, ƙwayar ta dawo bayan an daina sha. Labari mai daɗi ya fito daga Bolibiya, inda gwajin BENDITA na ƙungiyar DNDi, mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, ya nuna cewa sati biyu na benznidazole ya kusa yin aikin sati takwas wajen kawar da ƙwayar daga jini, ga kuma sauƙi a jiki. Ƙaramin gwaji ne, ana kan tabbatar da shi a manya. In ya tabbata, zai canza lissafin manomin nan da na ambata.

Idan zuciya ta riga ta taɓu

Daga nan aikin ya koma lallaɓa zuciya. Ana ba da magungunan gazawar zuciya da aka saba da su: masu sa fitsari don rage ruwa, da irin su enalapril da carvedilol da spironolactone. Sai dai akwai abin lura. Manyan gwaje-gwajen da suka kafa waɗannan magunguna a Turai da Amurka aka yi su, a kan masu wasu cututtukan, aka aro sakamakon aka ɗora wa masu Chagas. Mai Chagas kuwa sau da yawa jininsa a ƙasa yake, bugunsa a hankali, ba ya ɗaukar cikakken awo. Sai a 2025 aka fitar da sakamakon babban gwaji na maganin gazawar zuciya da aka yi musamman domin su, PARACHUTE-HF, wanda ya kwatanta sacubitril/valsartan da enalapril. Sabon maganin ya fi rage alamar wahalar zuciya a gwajin jini, amma bai nuna bambanci a fili a yawan mutuwa ko kwanciya asibiti ba. Cuta mai miliyoyin mutane ta jira fiye da shekara ɗari kafin a yi mata irin wannan gwaji, wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin masu ita a idon duniya.

Wanda bugunsa ya yi sanyi ko hanyar wuta ta toshe gaba ɗaya, ana sa masa batirin zuciya a ƙarƙashin fatar ƙirji. Wanda bugunsa ke haukacewa ana ba shi amiodarone, magani mai ƙarfi amma mai taɓa huhu da hanta idan an daɗe ana sha. Akwai kuma na'urar da ake dasawa wadda ke jan zuciya da wuta idan ta ga bugu ya rikice. Tana ceton rai, amma tana da tsada, kuma masu Chagas suna shan jan wutar fiye da sauran masu ciwon zuciya saboda yawan rikicewar bugunsu. Gwajin CHAGASICS na Barazil, da aka buga a 2024, ya kwatanta ta da amiodarone: mutuwar farat ɗaya ta ragu, jimillar mutuwa kuwa ba ta ragu ba. Wanda aka ga daskararren jini a zuciyarsa, ko ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ana ɗora shi a kan maganin tsinka jini.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne cutar ta koyar da duniya. Tabon Chagas yakan zauna ta wajen bangon zuciya, inda wayar da ake zurawa ta jijiya don ƙona tushen mugun bugu ba ta kaiwa. A 1996 Eduardo Sosa da abokan aikinsa a cibiyar zuciya ta São Paulo suka ɓullo da hanyar shiga da allura ta ƙasan ƙashin ƙirji zuwa cikin jakar da ta lulluɓe zuciya, a yi ƙunar ta waje. Yau ana amfani da wannan dabara a manyan asibitocin duniya ga masu ciwon da ba ruwansa da Chagas.

Matakin ƙarshe shi ne dashen zuciya. Da farko an ji tsoronsa, don magungunan da ke danne garkuwar jiki bayan dashe suna ba ƙwayar damar farfaɗowa. Tana farfaɗowa kuwa, amma idan ana sa ido ana gano ta da wuri, benznidazole yana kwantar da ita. Ƙwarewar Barazil ta nuna cewa masu Chagas da aka yi wa dashe suna rayuwa kamar sauran, a wasu rahotanni ma fiye. Sai dai mutum nawa ne daga ƙauyen Chaco za su kai wannan ƙofa?

Abin da ya kamata a sa a gaba

An ci nasara babba a kan ƙwaron. A 1991 ƙasashen kudancin nahiyar suka haɗa kai wajen feshin gidaje da tace jinin da ake ƙarawa. Yuruguwai a 1997, Cile a 1999, Barazil a 2006, duk an tabbatar sun katse yaɗuwar cutar ta babban ƙwaron gida, Triatoma infestans. A Gran Chaco, inda Bolibiya da Ajantina da Faraguwai suka haɗu, har yanzu ana fama, ƙwaron ya fara jure wa maganin feshi, kuma muddin bango na da tsaga zai dawo. Yaɓe da rufin kwano aikin lafiyar zuciya ne a can.

Amma feshi ba ya taimakon wanda aka ciza shekara talatin da suka wuce. Waɗannan mutane sun bar ƙauye, suna São Paulo da Buenos Aires da Santa Cruz, wasu sun ƙetare. An ƙiyasta kusan 300,000 a Amurka, wadda ta fara tace jinin masu bayarwa a 2007. Sifaniya, mai mafi yawan masu cutar a Turai, ta fara a 2005. A Madrid ko Los Angeles matsalar ita ce likitan da bai taɓa ganin cutar ba, ya ga zuciya ta saki ya rubuta cewa ba a san dalili ba, bai tambayi inda mara lafiyar ya yi yarinta ba, ko inda mahaifiyarsa ta fito.

Akwai kuma tsoron mutane su san matsayinsu, kuma tsoron yana da tushe. An yi zamanin da gwajin Chagas ke hana mutum aiki ko da lafiyarsa ƙalau. Ajantina sai a 2007 ta yi dokar da ta haramta yi wa mai neman aiki wannan gwaji. Maganin ma ba kullum ake samunsa ba. Roche ya miƙa wa Barazil haƙƙin yin benznidazole a 2003, a 2011 aka shiga ƙarancinsa har ƙungiyar likitoci ta MSF ta dakatar da neman sababbin masu cutar a Faraguwai, don ba amfanin gaya wa mutum yana da ita alhali ba abin da za a ba shi. A 2012 aka fara yin sa a Ajantina, lamarin ya ɗan daidaita.

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da kuɗi kaɗan zai yi aiki mai yawa, ɗakin awon ciki zan nuna. Kusan 5 cikin 100 na jariran da uwayensu ke ɗauke da ƙwayar suna zuwa duniya da ita, kuma a wurare da dama da aka kawar da ƙwaron wannan ce babbar hanyar da ta rage. Gwajin mace ɗaya mai ciki yana buɗe gida guda: jaririn a duba shi a warkar da shi tun bai yi shekara ba, yayyensa a gwada su tun suna shekarun da magani ke ci, ita kuma uwar a ba ta bayan ta haihu. Bincike ya nuna cewa macen da ta sha maganin kafin ta ɗauki ciki, da wuya ta ba ɗanta cutar. Hukumar lafiya ta nahiyar Amurka ta sa Chagas cikin cututtukan da take son kawar da yaɗuwarsu daga uwa zuwa ɗa, tare da ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta nau'in B. Jinin da ake ɗiba don waɗancan ukun, shi ɗin ne dai zai wadatar da na huɗun.